Zango Na Biyar A Hanyar Sabya

Duk faɗin Makka, daga Utaibiyya har Aziziyya, ban san direban da zai zaunar da ni ya koya mini hanya ba. Shekara ashirin da biyu ina jan bas ɗin alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa. Na taɓa juya bas a lungun da ko jaki sai ya yi istihara kafin ya shiga. Haka nake faɗa kullum a dakalinmu na wajen mai shayi, haka kuma na faɗa jajiberin tafiyata Sabya. To tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Abu Nawaf yaya hanya, Abu Nawaf me ya sami rufin motar, Abu Nawaf me ya ramar da kai? Na gaji da bayarwa guntu-guntu kowa yana ƙara nasa gishirin, alhali nawa ma ya isa. Ga shi nan a rubuce, wanda ya sake tambayata sai ya saya mini shayi.

Inna, mahaifiyata, ƙanwa ɗaya ce ta rage mata a duniya, Inna Dije, wadda aure ya ajiye a Sabya can kudu wajen Jizan. Shekara tara rabon su da ganin juna sai dai a waya. Wata Talata ɗanta Yakubu ya kira ni ya ce jiki ya yi tsanani, likita ya ce a mayar da ita gida, ta daina karɓar komai sai ruwa, kuma ba ta kiran sunan kowa sai Yaya. Da na gaya wa Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce a kai ta, ta juya fuskarta bango.

Matsalar ita ce Inna ta karye a ƙugu bara, ba ta iya zaman kujera ko na rabin awa. Jirgi ya fita daga lissafi, bas ma haka. Sai dai a kwance. Abokina Sulaiman na Aziziyya yana da irin motar nan mai ɗaki a baya da ake ce wa karafan, da gado da banɗaki da murhu da firji, fara doguwa kamar an sa wa shago taya. Ya miƙo mini makulli ya ce abu biyu: mukayyif ɗin baya, wato na'urar sanyaya iska, ba ya sanyi sosai, kuma in kula da tsayinta. Na yi dariya na ce yaro, bas nake ja.

Hanya biyu ce zuwa Sabya. Akwai ta bakin teku, ta Lis da Ƙunfuda, miƙaƙƙiya, wuni ɗaya an isa. Ita matata Balki ta ce mu bi. Amma tsakiyar zafi ne, kuma ga mukayyif mai ciwon asma, na ce kafin Ƙunfuda Inna ta dahu. Sai na zaɓi ta kan duwatsu: Ɗa'if, Baha, Abha, sannan a gangara. Gaskiya rabin dalilin Inna ce, ɗaya rabin kuma ina so a ce na hau dutse da gida a bayana.

Likitan Inna ya ce duk awa biyu a tsaya a juya ta, a matsa mata ƙafafu, kuma a tsaya a wuri mai daidai, kada gadon ya karkace. Don haka na baje da jawwal ɗina, wato wayata, a tsakar ɗaki ina tsara zango. Na buɗe taswira, na ja layin hanyar, na sauke ta cikin wayar saboda inda babu sabis, wannan kam na yi dabara. Sannan na juya ta zuwa hoton sama, wanda ake ganin rufin gidaje da tituna kamar kana cikin jirgi. Mu direbobin Hajji ba mu san wani kyan wuri ba sai fili. Nuna mana aljannar duniya, tambayarmu ita ce ina za a juya. Da wannan idon na bi hanyar tun daga Makka ina dasa alama, har bakwai. Ta biyar ta fi duka burge ni, can bayan Namas: fili shimfiɗaɗɗe mai gajeriyar katanga, a gefen wani ƙauye na gidajen dutse, ɗan nesa da babban titi, ko mota ɗaya babu a ciki. Na nuna wa Balki na ce ko a Arfa ban taɓa samun irinsa ba. Ta karɓi wayar ta ƙura ido, ta ce me ya sa duk garin babu mota. Na ce mutanen ƙauye da sassafe suke fita gona. Ta miƙo mini abata.

Laraba bayan Asuba muka tashi. Karafan ya ƙi shiga lungunmu, sai da maza huɗu suka ɗauko Inna a kan katifarta har bakin titi. Kayanta jaka ɗaya ce. Balki ta buɗe don ta sa magani, sai ta tsaya. Likkafani ne guda biyu a ninke, irin wanda tsofaffinmu suke wankewa da Zamzam su ajiye a ƙasan akwati. Inna ta ce ɗaya na Dije ne. Balki ta ce ɗayan fa? Ta ce hanya ce, ba a sani ba. Na cusa jakar a kabad ɗin sama na rufe, na kunna mota da bisimilla uku.

Ta Sail muka hau, don ita ce hanyar manyan motoci. A tafatish, shingen binciken hanya, askari ya karɓi hawiyyarmu, katunan shaidarmu, ya leƙa baya ya ga abin da na ɗauko. Kafin ya buɗe baki Inna ta tambaye shi da Larabcinta na kasuwa ɗan wane ne shi, kuma ya karya kumallo kuwa. Yaron ya rikice ya ce ta yi masa addu'a. Da zai miƙo mini katunan ya ce in mun wuce Baha in yi hankali da dabab. Na ce na sani. Ban san komai ba, a zatona irin hazon da muke gani ne a Makka in an yi iska.

Inna ba ta shiri da matar da take magana a cikin wayar. Duk sanda ta ce a yi dama, sai Inna ta ce daga baya, wace ce wannan da ba ta sallama take ba ɗana umarni. A Ɗa'if kuwa matar ta nuna halinta. Ta ce ta samo mini gajeriyar hanya, ta cusa ni ƙarƙashin wata 'yar gada. Na ga allon da aka rubuta tsayi, na karanta shi sarai, sai dai ban san nawa tsayin ba balle in gwada. Na shiga. Ƙarar da na ji, wallahi na zaci gadar ce ta zauna a kaina. Murfin tagar rufi ne ya tafi, ya bar mana rami kamar faranti. Ita taswira a wurinta kowa ƙaramar mota yake ja, ba ta san kana ɗauke da bene ba. Na ari tef ɗin awo wajen wani mai faci, na hau na auna motar, na rubuta a takarda na manna gaban sitiyari, abin da ya kamata in yi tun a ƙofar gidan Sulaiman. Ramin muka toshe da kwali da leda, amma bai toshu ba. Daga nan duk inda muka nufa iska tana shiga tana wani siririn kuka a saman gadon Inna, kamar mace tana kira daga nesa. Balki ta ce in kunna karatu. Na kunna, kukan ya ci gaba a ƙarƙashinsa.

Zango na ɗaya da na biyu sun fito daidai yadda na gan su a hoto, har na fara dawo da bakina. Mun sayi rumman da barshumi, ɗan itacen nan mai ƙaya a jiki, a bakin hanya, na ɓare barshumi da hannu don in nuna gwaninta, na yi kwana uku ina cire ƙaya. A Baha, zango na uku, muka kwana, a filin wani lambun shaƙatawa. Sanyi a watan da Makka take gasa ƙwai a kan kwalta, har da bargo. Wasu mutanen wurin da suka shimfiɗa darduma kusa da mu suka aiko mana da arika, gurasa ce da ake dagargazawa a kwaɓa da man shanu da zuma da dabino. Mu in mun ce baƙo ya ci, sau biyu muke faɗa mu ƙyale shi. Su kuwa tsayawa suke a kanka har sai sun ga gindin kwano. Bayan Magariba Yakubu ya kira. Ya ce ta buɗe ido sau ɗaya ta tambaya ko Yaya ta iso. Bai ce mu yi sauri ba, ya dai ce kada mu tsaya inda ba dole. Inna ta ji, don a bayyane na sa wayar. Ba ta ci arikar ba.

Da gari ya waye muka kama hanya. Lissafina mu isa Sabya da La'asar sakaliya. Mun yi zango na huɗu lafiya. Birai suka fara bayyana a bakin titi, manya, irin gwaggon biri, suna zaune a kan ƙarfen gefen hanya suna kallon motoci kamar masu jiran a sauke musu fasinja.

Wajen ƙarfe tara, bayan Namas, na gane abin da askarin nan yake nufi. Gajimare ne ya hauro daga kwari ya kwanta a kan titi. Minti ɗaya ina ganin duwatsu, minti na biyu ko hancin motar ba na gani. Rana tana sama amma ba ta da wuri, ko'ina fari fat, ba gabas ba yamma. Motoci suka zama jajayen ɗigo biyu-biyu da suke fitowa su ɓace. Sabis ya ɗauke. Matar wayar dai ta ci gaba da magana, tunda na sauke mata hanyar, muryarta kaɗai a cikin motar sai kukan rufi. A daidai lokacin ƙugun Inna ya tashi. Ba ta yi ƙorafi ba, nishinta na ji, kuma Inna ba ta nishi sai abin ya kai. Tsayawa a gefen babban titi cikin wannan farin duhu neman a bi ta kanka ne. Na duba, saura kaɗan zango na biyar. Na ce alhamdu lillahi da na yi tsari.

Matar wayar ta ce in yi dama, na yi. Kwalta ta ɗan raka mu ta koma. Hanyar ta tsuke har madubina na hagu yana shafar dutse. Ta dama kuwa ban ga komai ba, kuma rashin ganin ne ya dame ni, don farin wajen ba shi da ƙasa. Balki ta sauke gilashi ta jefa ƙwallon dabino. Muka kasa kunne. Har yau ban ji faɗuwarsa ba.

Sai gidaje suka fara fitowa ɗaya-ɗaya. Na dutse ne, dogaye, masu ƙananan tagogi. Na farko babu ƙofa. Na biyu babu rufi. Na uku bishiya ce ta fito ta tagarsa. Ba hayaƙi, ba akuya, ba shanya, ba takalmi a ƙofar masallaci. A kan katangu birai ne jere, kuma abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne ko ɗaya bai yi motsi ba, bai yi kuka ba, kawunansu kawai suke juyawa suna bin mu. Balki ta ce a hankali, Abu Nawaf, mu koma. Na ce ina za a juya, bari mu kai filin. Can na ga gajeriyar katangar, da wata kafa a tsakiyarta daidai faɗin mota. Na sa hancin karafan a ciki. Matar wayar ta ce, da muryar nan tata mai daɗi, kun iso inda za ku.

Na kashe mota na sauka don in duba ƙasa. Taku biyu na yi tuntuɓe da wani dutse a kafe. Na matsa, ga wani, tsakaninsu tsawon mutum. Gefensu wasu biyu. Gaba wasu biyu. Iska ta ɗan yaye farin, na ga filin gabaki ɗaya, biyu-biyu har katangar can, duk sun fuskanci waje guda. Ɗan Makka ba ya buƙatar allo kafin ya gane wannan, haka namu suke, dutse a kai dutse a ƙafa, babu suna. Tayar gaba tazarar tafin hannu ce tsakaninta da na farko. Daga sama duwatsun ba sa fitowa a hoto. Fili kawai ake gani, mai kyau, babu mota.

Ina tsaye bakina yana son yin sallama ga mutanen wurin harshena ya ƙi, sai na ji ƙarar ƙarfe ana jan sa a kan dutse. Kiii, shiru. Kiii, shiru. Tana matsowa. Na fara ja da baya wajen mota. Wani dogon tsoho ya fito daga cikin farin, siriri, gemu ja da lalle, diga a kafaɗa, yana jan shebur a ƙasa. Bai kalle ni ba tukuna. Ya fuskanci filin ya yi musu sallama, ya ɗan jira kamar mai sauraron amsa, sannan ya juyo gare ni ya yi mini ta'aziyya.

«Namiji ne ko mace?» ya ce.

Ya ce me ya sa ba a kira shi tun jiya ba, ƙasar nan tauri gare ta, kuma 'yan wane gida ne mu. Bai jira ba ya taka ya leƙa tagar baya. Ga Inna a miƙe a gado, an lulluɓe ta da farin mayafi har haɓa, ido a rufe saboda ciwo. Tsohon ya fara inna lillahi. Inna ta buɗe ido ta dube shi, ta kira ni da sunana na yanka.

«Salisu, gaya masa ya ajiye shebur ɗinsa. Ban kai ba tukuna.»

Digar ta faɗi daga kafaɗarsa. Ya ja da baya yana a'uziyya, ni ma ina yi, Balki ma tana yi daga ciki, kowa yana neman tsari daga kowa. Sai da na yi rantsuwa da Ubangijin Ka'aba cewa daga Makka muke, kuma tsohuwar da ranta, sannan ya zauna a kan katanga yana riƙe da ƙirji.

Sunansa Mifrih. Ya ce mutanen garin sun tashi tun yana saurayi, sun koma sabon gari a bakin kwalta, shi kaɗai yake hawowa saboda amyoyin zumarsa. Amma duk wanda ya mutu a cikinsu nan ake dawo da shi, kusa da iyayensa. Mota ba ta shigowa wannan hanyar sai da gawa, ita ma ƙarama. Da ya ji inji, ya hango fara doguwa, sai ya ɗauko kayan aikinsa. Na nuna masa wayata da alamar da na dasa. Ya daɗe yana kallo, ya ce eh, daga sama da kyau.

Muka juya Inna, Balki ta matsa mata ƙafafu. Ni kuwa idona yana kan filin ina aune-aune. Hanya ɗaya ce ta juya wannan motar: in shiga ciki, in yi kwana ɗaya, in fito. Minti biyu. In ba haka ba sai dai baya-baya, fiye da kilomita biyu, dutse a gefe, rami a gefe, ba a ganin komai. Na tambayi Mifrih ko akwai ɓangaren da babu kowa. Ya ce babu. Ya ce na bakin ƙofar nan tsofaffi ne ƙwarai, ba wanda ya san ko su wane ne, nasa uban yana can ciki. Bai ce kada in shiga ba. Ya dai sunkuyar da kai yana goge bakin shebur da babban yatsa.

Na ja Balki gefe na rage murya. Na ce Allah ya ga zuciyata, lalura ce, ga mai rai tana jiran mu a Sabya, ba mu san ko awa ɗaya ta rage mata ba, su kuwa waɗannan sun riga sun zama ƙasa. Na manta kunnen Inna bai karye tare da ƙugunta ba. Ta kira ni da cikakken sunana, na shiga na durƙusa gaban gadon.

Ta ce tana 'yar shekara tara suka ƙetaro teku daga Sudan, suka kama hanyar Makka da ƙafa, Dije tana goye a bayanta. Mahaifiyarsu ba ta kai ba. A gefen hanya aka haƙa aka sa ta, aka kafa dutse biyu, ayari ya wuce. Har yau ba ta san wurin ba, ko an yi titi a kai, ko an yi kasuwa. Ta ce shekara saba'in ba ta taɓa sallah ba ta roƙi Allah kada wani ya taka ta ba. Ban taɓa jin wannan labarin ba, ni da nake taƙama na san komai na gidanmu.

«In Dije ta tafi kafin in isa, mun haɗu a can. Amma ba za a bi da ni ta kan mutane ba.»

Ta rufe ido. Magana ta ƙare.

Madubi bai da amfani, kyamarar baya fari kawai take nunawa. Mifrih ya ce zai bi bayan motar da ƙafa. In ya buga shebur a dutse sau ɗaya in karya dama, sau biyu hagu, in ya yi ta bugawa in taka birki kada in yi numfashi. Na sa ribas. Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina bin hannun askari da fitilar bas ɗin gabana, yau ga ni ina bin ƙarar shebur ɗin mai haƙa kabari, ba na ko ganinsa. Kwang. In karya. Kwang kwang. In mayar. Tafiyar taku goma sai in tsaya in goge hannu a riga. Biran nan suka sauko suka biyo mu ta kan dutsen hagu, a hankali, daidai saurin motar, ɗaya har yana leƙo ni ta gilashi da idanu kamar na wani dattijo da na taɓa sani.

A wata kwana shebur ya haukace, kwang-kwang-kwang-kwang. Na danne birki da ƙafa biyu. Bayan motar ya ɗan zauna ta dama, na ji tsakuwa tana zubewa, zubewar da ba ta da ƙarshe. Girgizar ta buɗe kabad ɗin sama, jakar Inna ta faɗo, likkafani ɗaya ya warware ya mirgino ta tsakiyar motar har ya tsaya a gefen ƙafata. Na dube shi. Na dubi Balki a madubi, ta rungume Inna, leɓɓanta suna motsi. Babu wanda ya ce a ɗauke. Mifrih ya zo taga, fuskarsa a jiƙe, ya ce rabin tayar baya a iska take, in yi gaba kamu ɗaya, kamu ɗaya tak, sannan in karya duka. Na yi. Yadda na yi kada ku tambaye ni, don ba na nan.

Mun shiga wurin kafin ƙarfe goma, ba mu ji kwalta a ƙarƙashinmu ba sai da Azahar ta yi. Na sauka na rungume tsohon nan na sumbaci kansa. Na yi masa tayin duk abin da ke motar, har firjin da ba nawa ba, ya ƙi. Ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihu, saƙar zuma ce a ciki, ya ce a kai wa marar lafiya. Ya ce gangaren bayan Abha in sauka da babbar giya, kada in dogara da birki, kuma nan gaba in zan tsaya a garin mutane in nemi ɗan garin in tambaya. Ya leƙa ya roƙi Inna gafara. Ta ce ta yafe, ai aikinsa ya zo yi. Ya juya ya shiga farin. Ya ɓace tun a taku na biyar, amma mun daɗe muna jin shebur ɗin, kiii, shiru, kiii.

Kafin Abha gajimaren ya yaye kamar an ɗage labule, sabis ya dawo, wayar ta hau rawa. Kiran Yakubu goma sha ɗaya. Na ajiye motar a gidan mai, muka zuba wa wayar ido ni da Balki, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Inna ta ce a kira. Balki ce ta danna. Ya ɗauka ya ce ina kuka shiga, tana nan, ta tambaya sau uku, yanzu ta yi barci, numfashin dai sama-sama. Nan take na goge zango na shida da na bakwai. Daga nan duk tsayuwar da muka yi a gidan mai ce, inda akwai mutane masu rai suna sayen biskit.

Gangaren na sauke shi yadda tsohon ya ce, inji yana gurnani, muna shiga ramin dutse muna fita, duk da haka sai da birki ya yi ƙauri. A ƙasa zafi ya mare mu. Na ga maza da gemu da wuƙa a ɗamara sun ɗora rawanin furanni da ɗoɗɗoya a ka suna sayar da zuma, ba mai kallon su. Na ce da zan shiga Utaibiyya da wannan a kaina, da sai an kira mini mai ruƙiyya. Ba wanda ya yi dariya, ni ma don in ji muryata na faɗa.

Ana kiran Magariba muka shiga Sabya. Aka ɗauko Inna aka ajiye a kan irin dogon gadonsu na igiya, aka tura shi ya haɗu da na Inna Dije. Ta rame har ban gane ta ba. Inna ta miƙa hannu ta kama nata ta ce, Dije, ga ni. Ta buɗe ido ta ce, Yaya, kin daɗe. Iyakar abin da suka ce ke nan, mu kuwa muka fita tsakar gida kowa yana neman inda zai sa fuskarsa. Daga baya Inna ta lakato zumar Mifrih a yatsa ta sa mata a baki, ta tsotsa, abin da ta fara karɓa ke nan cikin kwana biyar.

Kwana goma sha ɗaya suka yi gado da gado kafin Allah ya karɓi ran Inna Dije, hannunta a cikin na yayarta. Wasiyya ɗaya ta bari da ta shafe ni, kuma an cika ta. A rana ta uku ne, da ta ɗan ji dama, ɗakin ya cika da 'yan dubiya, na ga jama'a ta samu sai na buɗe labari. Na ce zurfin ramin ya kai hasumiya bakwai an ɗora kan juna, birai ɗari huɗu, taya uku a iska, ni kuwa da hannu ɗaya nake murza sitiyari. Idonta a rufe, na zaci barci take. Sai ta ɗaga yatsa, ɗakin ya yi tsit, ta kira Yakubu ya sunkuya.

«Ranar da tawa ta zo, kada a ba Salisu tuƙin gawata. Wanda ya kai mai rai maƙabarta, Allah kaɗai ya san inda zai kai matacce.»